Haɓata, Kwana Goma Sha Ɗaya

Goma sha tara na ƙirga a haɓata
kafin in daina ƙirge.
Shekara bakwai ni da hantsaki,
bayan sallar asuba, ƙofa a rufe,
ina cira, suna dawowa
kamar kiri-kiri bayan ruwan farko.
Wasu suka ce alamar arziki ce.
Arzikin bai zo ba, gashin ne kawai ya cika alkawari.

Sai aka kwatanta mini Madam Hurera,
can unguwar Zariya, gida mai koren ƙyaure.
Jikka goma sha biyar zama guda.
Allurarta ba ta fi gashin kauri ba,
ta bi ramin kowane tsiro,
ta taka wani abu da ƙafa,
wuta ta ciji saiwar kamar cinnaka.
A kan na goma sha biyu aka ɗauke wuta.
Muka zauna cikin zufa muna hirar tsadar shinkafa,
rabin haɓata gona ce da aka nome,
rabi na jira.

Ta ce, kar ki sosa.
Kar ki ɓamɓare.
Ki guji rana.
A Maradi! Ina zan kai ranar, Madam,
in ninke ta in sa a adaka?

Kwana biyu, kumburi.
Kwana huɗu, ƙananan ɓawo baƙaƙe
kamar an watsa mini riɗi ya manne.
Na ja lulluɓi har leɓe.
A madubin ɗan kabu-kabu nake satar kallon kaina,
shi yana kauce wa ramuka, ni ina ƙirga nawa.
A lakwal, Nana Shafa ƴar aji biyu ta ɗaga hannu:
Madam, me ya cije ki?
Na ce, buɗe littafinki.

Maƙwabciyata Barira ta kawo zuma a murfin kwalba.
Goggo ta ce man kaɗanya.
Mai kanti ya miƙo wani mai cikin farin kwali,
wai sati guda zai goge tabon,
ya goge har launin da aka haife ni da shi.
Na ajiye masa abinsa.

Da dare ƙaiƙayi ke zuwa.
Nakan kwanta a kan hannuwana kamar mai tsaron ɓarayi biyu.
Ina tuna kunnen ƙanwata Sahura,
huda ɗaya tak,
fatar ta tashi ta yi tudu kamar gurjiya,
har yau ɗankwali ke rufa mata asiri.
Jininmu ɗaya.
Wa ya san abin da fatata ke ƙullawa a ƙarƙashi?

Ran Juma'a na je Tibiri gaida kakata.
Ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta wajen haske.
Nata kumatun, shida a nan, bakwai a can,
aikin wanzamin da ya rasu tun kafin a haifi uwata.
Ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, wannan ɗin kika ɓoye?
Mu aska ce ta bi ta kanmu,
ba a tambaye mu ba, muka warke.
Ke da kika biya da kuɗinki, ki ba fata lokacinta.
Ba ta jin tsawa, ba ta jin lallashi.

Yau wajen alwala
ɓawo ɗaya ya faɗo a tafina da kansa.
Ƙarƙashinsa ja-ja-ja, ɗanye,
kamar fatar gyaɗa sabuwar ɓara.
Ban sani ba ko zai koma kamar sauran fuskata
ko zai yi duhu ya zauna.
Madam ta ce wata uku, watakila shida.

Saura goma sha takwas.
Na shanya hantsakin a kan taga,
na fita da lulluɓi a kafaɗa,
ina bin inuwar bedi ɗaya bayan ɗaya
har ƙofar lakwal.